Karen da Ba Ya Jin Larabci

Azumin bana ya zo mana da irin zafin da ke sa mutum duba agogo tun hantsi. Jiya bayan azahar na fito ƙofar gida neman iska, sai na ga karen maƙwabcinmu kwance ƙarƙashin wata matacciyar mota a bakin layi, harshe a waje, haƙarƙari na sama da ƙasa. Na koma ciki na ɗauko tsohuwar roba na cika ta da ruwa. Matata Balaraba ta bi ni da kallo ta ce, "Malam, yau kuma kare ake shayarwa? Mu da ke gidan ko randa ba ka taɓa cika mana ba." Na yi dariya kawai. Shekara tara muna tare ban taɓa ba ta labarin azumin da na yi a Alƙahira a 2013 ba, don ban san ta inda zan kama shi ba.

Shekarata ta uku ke nan a can. Karatun addini ya kai ni, da tallafin da aka ba mu, kuma garinmu kaf an san ɗan Malam Sule ya tafi Masar. Abin da ba a sani ba shi ne nahawu ya kayar da ni sau biyu a jere, aka yanke tallafin, aka ce in kwashe kayana daga masaukin ɗalibai. Na koma Ard al-Liwa, unguwar da baƙi 'yan Afirka suka yi yawa, na samu ɗaki a can saman bene mai rufin kwano, wanda da rana ba ya shiguwa. Idan Inna ta kira a waya sai in ce karatu na tafiya lafiya. Idan na hango hula irin tamu a titi sai in sauya hanya, kada a tambaye ni sakamako. Wata uku na yi ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Kunya ta rufe mini baki, yunwa kuma ta ci ni har wandona ya daina zama sai da igiya.

Tunda ɗaki ba ya zaunuwa, sai na koma yawo. Wata safiya, kwanaki kaɗan kafin azumi, ƙafa ta kai ni bayan unguwar, inda benaye suka ƙare gonaki suka fara. A nan na tarar da wata mata mai furfura tana kokawa da buhuna a bakin wata ƙofar ƙarfe, daga ciki kuma haushi ne kamar ana yaƙi. Na kama mata. Buhunan cike suke da busasshiyar gurasarsu ta Masar, wadda suke kira aish, ragowar gidajen abinci. Ta ce sunanta Madam Suhair, gidan nata ne, tana tara karnukan da aka yasar. Masu taimaka mata da fitar da su yawo yawanci Turawa ne, kuma tunda gari ya sake rikicewa da rigimar siyasa duk sun tattara sun tafi, wasu ma sun bar mata nasu karnukan. Ta tambaye ni ko ina tsoron kare. Na ce kakana na wajen uwa mafarauci ne, cikin karnuka na yi rarrafe. Ta ce, "Babu albashi, ya ibni, ɗana. Shayi kawai." Na ce tamam. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba: ba don tausayi na karɓa ba, idona na kan buhunan nan.

Da azumi ya kama, ga yadda ranata take tafiya. In yi sahur da aish biyu da na sakaya a riga daga buhun karnuka, in jiƙa su a ruwan zafi da gishiri. In yi asuba, in kama hanya a ƙafa, in isa kafin rana ta ɗaga. Am Ragab, dattijon da ke dafa musu abinci, ya riga ya ɗora tukunya: ƙafafuwan kaji da kawunansu, da ɗan tsakin shinkafa, sai a farfasa aish a ciki. Ƙamshin romon nan da safiyar azumi, har yau in na tuna sai cikina ya motsa. Am Ragab ya yi shekara da shekaru yana ciyar da karnuka amma bai taɓa yarda ɗaya ya taɓa shi ba. Da dogon ludayi yake zuba musu ta saman wayar keji, in kuma tsautsayi ya sa yawu ya taɓa rigarsa, sai ya je famfo ya wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Na ce masa mu 'yan Malikiyya ba mu tsananta haka ba. Ya ce, "Ku da mazhabarku, ni da rigata."

Ni aikina wanke kejin karnukan da fitar da su yawo, biyu-biyu, a gefen magudanar ruwan da ke shayar da gonaki. Dole in gama kafin ƙarfe tara, don daga nan ƙasa na ƙona musu tafin ƙafa. Nakan ɗora bayan hannuna a ƙasa in ƙirga zuwa biyar, in na kasa to yawo ya ƙare. Wuta na ɗaukewa, ruwa ya bi ta, sai mu ɗauki jarkoki zuwa famfon wani masallaci mu yi sawu huɗu ko biyar. Ina zuba musu ruwa ina jin yadda suke lasa, maƙogwarona kamar an shafa masa toka. Yara kan bi ni da jifa da tsokana, baƙin mutum da karnuka abin kallo ne biyu a haɗe. Da yamma in sake fitar da su, sannan in nemi teburin sadaka na buɗa-baki a titi, in zaɓi wanda babu ɗan Najeriya ko ɗaya a kansa.

A keji na ƙarshe, jikin katanga, akwai wanda ba a fitarwa. Karen gari ne, launin ƙasa, kunne ɗaya a yage. Afrit suke ce masa, wato ifiritu. Ya ciji mutum biyu, abinci ma sai ya ga dama yake ci. Ranar uku ga azumi ina shara kusa da shi na juya baya, sai ya daki wayar da dukan ƙarfinsa dab da kunnena. Tsintsiya ta faɗi, bakina ya suɓuce na ce, "Kai, bari mana. Zauna."

Ya zauna.

Na ɗauka dace ne. Na ce, "Tashi." Ya tashi. Na ce, "Zo nan." Ya matso ya manna hancinsa da waya, jela na kaɗawa a hankali kamar ya manta yadda ake yi. Ban san lokacin da na durƙusa cikin ruwan wankin keji ba. Na yi ta yi masa magana, maganar da ba kai ba gindi: na gaishe shi, na tambaye shi gajiya, na gaya masa na faɗi jarrabawa. Shi ne na farko da na gaya wa. Am Ragab ya tsaya da ludayi a hannu yana karanta neman tsari.

Madam Suhair ta ce daga unguwar Dokki aka kawo shi. Na wani tsohon mai gadin gareji ne, baƙar fata, Am Adam. Tsohon ya rasu a ɗakin gadinsa, karen ya hana kowa shiga, sai da aka zarga masa waya a wuya aka janye shi. Ranar Juma'a na taka har Dokki na nemi garejin. Mai kantin taba da ke gefe ya ce Am Adam daga Sudan yake, amma yakan ce kakanninsa daga yamma suka taso za su Makka, hanya ta ajiye su. Ba shi da kowa, yini yake yana hira da karen cikin wani yare. Na tambaye shi sunan karen. Ya sosa kai ya ce, "Wani abu kamar Danwa. Danuwa." Na yi ta juya kalmar a baki har na hau gadar da ke komawa unguwarmu, sannan ta faɗo mini. Ɗan'uwa. Dattijo Musulmi ya rasa wanda zai kira da wannan suna a duk faɗin Alƙahira sai kare, kuma na fi kowa sanin yadda aka yi ya kai nan.

Washegari na kira shi da sunan. Kukan da ya yi ba haushi ba ne, ban kuma taɓa jin kare ya yi irinsa ba. Ranar na sa masa igiya muka fita bakin ruwa, yana tafiya kafaɗarsa na gogar gwiwata. Ya cinye kwanonsa tas.

Murnata ba ta yi kwana uku ba. Madam Suhair ta kira ni ofishinta, ɗan ɗaki mai fanka da ba ta juyawa. Ta ce abinci ya fi ƙarfinta, masu kawo gudummawa sun janye. Likita zai zo bayan Sallah, duk karen da ba mai iya riƙewa za a yi masa allurar da ba a tashi. Na ce ai Afrit yanzu yana riƙuwa. Ta ce, "A hannunka, ya Bakr. Kai kuma baƙo ne. Iƙamarka saura nawa?" Takardar zamana a ƙasar kuwa saura ƙasa da wata biyu, kuma ba makarantar da za ta sabunta mini. Ta ce akwai wani mai gonar mangwaro, Hag Mitwalli, yana son kare mai zafi na gadi, zai zo rana ta uku bayan Sallah. Idan karen ya ji maganarsa ya tafi da shi. Idan bai ji ba, khalas, sai allura.

To ka ji inda ƙaddara ta kai ni. Ni da Larabci ya kora daga makaranta, ni aka ba aikin koya wa kare Larabci, cikin kwana ashirin da 'yan kai.

Na kama aikin kamar raina ne a kai. Bayan yawon safe, lokacin da ya kamata in kwanta a inuwa in tanadi ƙarfi, sai in shiga kejinsa da ƙafar kaza a aljihu. In ce zauna, in bi da ijlis. In ce bari, in bi da utruk. A hankali na riƙa haɗiye Hausar ina barin Larabcin. Zafi na saukowa daga kwano, ƙudaje na bin leɓena da ya tsage, wani lokaci in na miƙe sai duniya ta yi duhu in dafa waya. Rannan na samu kaina ina kallon ƙafar kazar nan tsawon lokaci kafin in miƙa masa. Amma yana da kai, ya fi ni. Kwana goma ya haddace komai.

Na kira Am Ragab da alfahari na ce ya gwada daga bayan waya. Dattijon ya gyara tsayuwa ya ce, "O'od." Karen ya kalle shi. "O'od, ya kalb." Ko gezau. Na ce, "Am Ragab, ijlis za ka ce." Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ijlis? Ya ibni, wa ke cewa ijlis in ba liman a kan mumbari ba? Hag Mitwalli manomi ne. O'od zai ce, sib zai ce. Ka mayar da kare shehi." Yana dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi cikin wannan zafi. Larabcin littafi na koya masa, wanda ba mai yi a titi. Kuskuren da na shekara uku ina yi da kaina shi na ɗora wa karen, ga kwana goma sun tafi a banza.

Da Am Ragab ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Gobe ni zan riƙa faɗa, kai ka riƙa ba shi kazar." Haka muka fara daga farko. Sai dai wata matsalar ta fito: Am Ragab zai ba da umarni, karen ya juyo ya kafa wa bakina ido yana jira in fassara. Muddin ina yi masa Hausa, ba zai saurari kowa ba. Na gane abin da ya rage, ban kuma so shi ba. Dole in daina, gaba ɗaya, har sunan.

Goman ƙarshe na azumin nan ban taɓa shan wuya irin tata ba. Mutane na raya dare a masallatai suna roƙon Aljanna, ni roƙona a kowace sujada kare ya ji Larabcin titi, ina yi ina jin kunyar Ubangijina. Da safe in shigo, ya taso da gudu yana jiran gaisuwarsa, in wuce shi baki a rufe. Ya riƙa tura hancinsa cikin tafin hannuna, ya zauna, ya tashi, ya kwanta, yana yin duk abin da ya sani ko zan ce wani abu. Kwana biyu ya ƙi cin abinci. Na tsugunna gabansa da kwano, kalma ɗaya ce tsakaninsa da ci, ina jin ta a kan harshena, na haɗiye. Na fita bayan katanga na yi kuka mai isata, babu ma ruwan hawayen kirki a jikina. Shi kaɗai nake Hausa da shi a duk Alƙahira, na kuma yanke da hannuna.

Rana ta uku Am Ragab ya miƙa ludayi ya ce, "Kul, ya Afrit," wato ci. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa baki. Daga nan abin ya fara tafiya, da ɗingishi. Wata rana ya zauna, wata rana ya yi kamar kurma. Sallah ta zo ta wuce, na yi idi a sahun baya na dawo wanke keji.

Hag Mitwalli ya iso da hantsi cikin tsohuwar a-kori-kura, ƙaton mutum mai rawani da sanda. Madam Suhair ta ce mini a hankali, "Ka tsaya can jikin famfo. Ko tari kada ka yi." Na kai karen tsakar gida, na saki igiyar a ƙasa, na koma inda aka ce. Am Ragab na gefe cikin farar jallabiyarsa ta Sallah.

Mutumin ya ce, "Ta'ala," wato zo. Karen ya juyo ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. "Ta'ala, ya wad." Na ji ƙarar farce a kan siminti, taku ɗaya, biyu. "O'od." Shiru ya yi tsawo har na fara sallamawa. Da na saci kallo, yana zaune. Mutumin ya jefa masa tsumma, ya cafke, ya ce, "Sib," ya saki. Hag Mitwalli ya gyaɗa kai ya ɗauki igiyar ya ce, "Yalla."

A bakin mota abin ya tsaya. Ba mu taɓa koya masa hawa ba, bai zo mana a rai ba. Mutumin ya buga bayan motar da sanda yana cewa ya hau, karen ya kafe ƙafafu huɗu, gashin wuyansa ya tashi, leɓe ya fara janyewa daga haƙora. Na san abin da ke biye da wannan. Hag Mitwalli ya ja baya ya ce, "Ya Madam, in ba zai hau ba ni ina da hanya a gabana." Kalmar na bakina, hau, harafi uku. In na faɗa zai yi tsalle ya shiga, mutumin kuma ya gane karen na wani ne, ya sauke shi. In ban faɗa ba zai yi cizo. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini.

Sai na ga farar jallabiya ta gifta. Am Ragab ya sunkuya, ya zura hannu biyu ƙarƙashin cikin karen, ya rungume shi a ƙirji kamar ɗan akuya. Karen ya juya kai, na rufe ido. Da na buɗe, lasar gemun dattijon yake yi, mai ludayin da ya ciyar da shi wata da watanni. Am Ragab ya ajiye shi a bayan mota, ya ɗaure igiyar a ƙarfe, ya sauko rigarsa duk yawu da sawun ƙafa. Bai kalli kowa ba ya nufi famfo, ya tsugunna kusa da ni ya ɗebi ƙasa. Yana wanki yana cewa ƙasa-ƙasa, "Yi shiru, ya ibni. Saura kaɗan."

Mota ta tashi. Karen ya zo ƙarshen igiyarsa ya tsaya, bai yi haushi ba, bakina kawai yake kallo. Ɗaurin da Am Ragab ya yi na mai rawar hannu ne, na san in na kira sunan zai fizge ya diro. Na tsaya hannuna a kan baki har suka sha kwanar gonaki. Ko sai wata rana ban ce masa ba.

Da yammar ranar na kira Inna na gaya mata gaskiya, tun daga jarrabawar farko. Ta ce, "To ka dawo gida mana, Habu. Wa ya ce maka takarda muka haifa?" Kafin in taso Madam Suhair ta ce Hag Mitwalli ya yi waya, karen na cin abinci, ya kuma hana ɓarayin mangwaro sakat. Iyakar abin da na sani ke nan. Yanzu ina koyar da nahawu a wata Islamiyya a Funtuwa, abin da ke ba ni dariya ni kaɗai, kuma ɗalibin da ya faɗi ba na barinsa ya koma gida bai yi magana da ni ba.

Jiya dai na kai robar nan na tura ta ƙarƙashin motar. Karen maƙwabcinmu ya ja jiki ya fara lasa. Na duba layin, ba kowa, zafi ya kore mutane. Na tsugunna na ce a hankali, "Sha, Ɗan'uwa." Bai ko ɗago kai ba, shi sunansa daban. Na zauna a nan cikin rana har ya shanye.